Yadda ake zaɓar kayan ɗaga mota da tayoyin shiga daji

Duk wanda ya sayi mota mai jan taya huɗu, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce inci nawa zai ɗaga ta. Ajiye wannan tambayar tukuna, ita ce ta ƙarshe a jerin. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar daga baya. Za ka ga wani kumburin ƙarfe a tsakiyar aksil, wanda makanikai ke kira dif. Shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ne kuma yake fara cin karo da dutse ko tudun tsakiyar hanya. Ko ka ɗaga jikin motar inci shida, dif ɗin nan yana nan inda yake, don a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Taya mai tsayi kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Aikin ɗagawa shi ne ya samar wa tayar wurin motsi, ya ɗauki nauyin kayanka, ya kuma hana hanci da ciki da bayan motar gogar ƙasa. Saboda haka tsarin zaɓen shi ne hanya, nauyi, taya, wili, sannan kayan ɗagawa.

Abubuwan da za ka tanada

Na awo da lissafi: tef ɗin awo mai milimita, takarda da biro, littafin motar, gejin iska mai kyau, alli da tocila. Ka kuma nemo ƙaramin allon da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin ɗakin inji, inda aka rubuta iyakar nauyin motar da girman tayarta ta asali.

Idan da hannunka za ka ɗaura: jak mai ƙarfi, ƙarafan tokare mota guda huɗu, sifanoni, sifanar awon ɗauri, man sassauta noti, da abin matse sifirin na ƙwarai. Idan ba ka da sifanar awon ɗauri ko ƙarafan tokarewa, yi zaɓen da kanka, ka bar wa bakanike ɗaurin.

1. Tantance hanyar da motar za ta fi bi

Rubuta yadda kake amfani da motar a zahiri, ba yadda kake burin yi ba. Kashi nawa kwalta, kashi nawa burji da gargada, kashi nawa yashi, laka ko duwatsu? Mafi yawan motocin daji a kan kwalta suke cinye rayuwarsu, sai jefi-jefi su sauka. Irin wannan motar ɗagawar milimita 40 zuwa 50, wato kusan inci biyu, da taya mai ɗan tsayi a kan ta asali sun ishe ta. Mai hawan manyan duwatsu ko ratsa laka mai zurfi shi ne ke da hujjar wuce haka.

A nan ma za ka bincika dokar ƙasar da kake da sharuɗɗan inshorarka. A jihohi da dama na Ostareliya, jimillar ɗagawar da ta wuce milimita 75 sai da shaidar injiniya. A Jamus kuwa kusan kowane canji a ƙafar mota yana buƙatar takardar amincewa. Motar da ke cikin garanti ma, kamfani na iya janye hannunsa daga duk abin da ɗagawar ta shafa.

2. Gane irin ƙafar motarka

Ƙafar gaba iri biyu ce. Akwai mai aksil ɗaya miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, kamar Land Cruiser 70, Nissan Patrol Y61, Jeep Wrangler da Suzuki Jimny. Akwai kuma wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai a kan hannuwan sama da ƙasa, kamar Prado, Ford Ranger da Hilux na zamani. Ta farko ta fi jure ɗagawa. Ta biyu tana da shaf biyu masu gaɓoɓi da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, kuma duk yadda ka ɗaga, haka kwanar gaɓoɓin ke ƙaruwa. Da an wuce milimita 50, robar shaf ta fara yagewa da wuri, gaɓar ta fara ƙara idan an karya kwana.

Duba kuma sifirin ɗin: naɗaɗɗe ne, mai ganye ne, ko sandar murɗawa irin ta gaban Land Cruiser 100? Idan motar tana da ƙafa mai jakar iska ko tsarin KDSS na wasu Prado, mai sarrafa sandunan hana mota kwanciya a kwana (sitabilaiza) da matsin mai, sai kayan da aka ƙera musamman dominta.

Tunda kana ƙasan, girgiza komai. Bushin da ya mutu, boris mai wasa, tayirod mai lilo, duk a gyara su kafin a ɗaga. Babbar taya ba ta rufa wa lalatacciyar ƙafa asiri, tona shi take yi.

3. Auna tsayi, auna nauyi

Tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri. A kowace taya, auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, don iskar taya za ta ɓata lissafin. Amfanin wannan awon biyu ne. Zai nuna maka ko wani gefe ya kwanta, kuma da shi za ka san ainihin abin da ka samu bayan aiki. Ka sani cewa idan an ce kaya na inci biyu ne, daga tsayin sabuwar mota ake ƙirgawa. Tsohuwar motar da sifirinta ya gaji tana iya tashi inci uku da kayan nan guda.

Nauyi shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba motar da ke tafiya lafiya da wadda ke jijjiga mutane. Loda motar kamar yadda kake tafiya da ita, tanki cike, ka kai ta sikelin manyan motoci. Auna gaba daban, baya daban. Idan babu sikeli kusa, yi jeri: bamban ƙarfe da winci, wato injin jan mota da igiya, tare sukan haura kilo 80, kuma duk a kan hanci suke; kowace litar ruwa kilo ɗaya ce; sai ƙarin batir, akwatunan baya, kayan kan rufi da fasinjoji. Raba jerin gida biyu, abin da ke kan motar kullum da abin da ake lodawa ranar tafiya kawai. Na kullum shi ne zai zaɓa maka sifirin.

Sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara iyakar nauyin da aka rubuta a allon ƙofa. Birki, aksil da shasi suna nan yadda aka ƙera su.

4. Lissafa girman taya

Ɗauki 265/65R17, wadda Hilux da Prado da yawa ke fitowa da ita. Lambar 265 faɗin tayar ne a milimita. Lambar 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 172. Lambar 17 girman wili ne a inci, wato milimita 432. Gefe biyu da wili idan an haɗa, tsayin tayar ya kama milimita 776.

Da wannan lissafin, 265/70R17 tana da milimita 803, ita kuma 285/70R17 tana da 831, wadda ake kira taya inci 33. Rabin ƙarin kawai kake samu a ƙarƙashin dif, don rabi yana sama ne. Ta farko ta ba ka milimita 13, ta biyu 27. A takarda kamar ba komai ba, amma a cikin sawun da manyan motoci suka haƙa, milimita 27 ce ke raba wanda ya wuce da wanda ya zauna a kan cikinsa. Wasu tayoyin ana rubuta su kai tsaye da inci, kamar 33x12.50R15: tsayi, faɗi, wili.

Kowane ƙarin tsayi yana da abin da yake ci. Daga 776 zuwa 831 ƙarin kashi 7 ne cikin ɗari, don haka idan maleji ya nuna 100, kana kusa da 107. Motar za ta yi nauyin tashi, giya mai canza kanta za ta riƙa neman inda za ta zauna a kan tudu, shan mai zai ƙaru, birki zai ƙara nisa. Kashi 3 zuwa 7 yawancin injina na haƙuri da shi. Idan ƙarin ya haura kashi 10, ka saka kuɗin canza haƙoran dif a lissafi. Haƙoran dif suna da lamba, wato sau nawa farfela, sandar da ke kai ƙarfi ga dif, ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Ga yadda ake gano sabuwar lambar: ninka ta asali da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwa. Mota mai 3.73 da ta tashi daga inci 32 zuwa 35 tana neman 4.08, sai a saka 4.10. Gaba da baya tare ake canzawa, ba ɗaya ba.

Ga kuskuren da ya fi yawa a nan. Mutane suna ɗauka da zarar an ɗaga mota, babbar taya ta daina gogar jiki. A tsaye haka ne. Amma idan tayar ta faɗa rami ko ta hau dutse, ƙafar tana naɗewa har ta kai robar da ke tare ta a sama, daidai wurin da take kaiwa kafin a ɗaga. Idan tayar ba ta shige cikin madigadi a can ba, za ta goga, komai tsayin motar. A Hilux da Prado, taya mai faɗin 285 takan taɓa ƙarfen da ke riƙe jiki a kan shasi, bayan tayar gaba, musamman idan an murɗe sitiyari ana ja da baya. Maganin shi ne datse roba ko ƙarfen, ko ƙara tsayin robar tarewar. Wanda ba ya son a sa wa motarsa abin yanka, ya tsaya a 265/70R17.

Kada ka manta da safaya. Tayoyi biyar za ka saya, girmansu ɗaya, don taya mai bambancin tsayi tana wahalar da dif da akwatin raba ƙarfi. Kuma ka auna ko sabuwar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin mota ko jikin ƙofar baya.

5. Zaɓi irin zanen taya da ƙarfinta

H/T ta kwalta ce, ba ta cikin maganarmu. A/T ita ce ta ko'ina: shiru a kwalta, ƙarfi a burji, kyau a yashi, sai dai laka mai danƙo tana cike zanenta ta zama sulɓi. M/T mai manyan haƙora ce da ke watsar da laka, tana kama dutse, amma tana kuka a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na A/T ba. R/T tana tsakaninsu. A ganina, in dai laka ba ita ce rabin tafiyarka ba, ɗauki A/T. A yashi ma M/T haƙa rami take yi idan ƙafarka ta yi nauyi a totur. BFGoodrich, Toyo, Falken, Cooper da Maxxis duk suna yin ire-iren nan.

Nemi haruffan LT a gaban lambar girma. Irin wannan tayar jikinta ya fi kauri, ta fi jure ƙaya da kaifin dutse. Tana zuwa da harafin C, D ko E, ƙarfi na ƙaruwa daga C zuwa E. Mai E ta dace da babbar mota mai kaya. A ƙaramar mota kamar Jimny tauri kawai za ta ƙara. Lambar da ke bin girman kuma nauyin da taya ɗaya ke ɗauka ne: 112 kilo 1,120 ne, 115 kilo 1,215, 121 kilo 1,450. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke allon ƙofa.

Kafin ka biya, nemo lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 1524, an yi tayar a mako na 15 na shekarar 2024. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba, don haka kada ka karɓi wadda ta yi shekara da shekaru a ajiye a matsayin sabuwa.

6. Wili

Idan wilin asali zai ɗauki tayar, bar shi. Idan za ka canza, ƙarami ya fi: inci 17 ya fi 20 a daji, don gefen tayar ya fi tsayi, yana shanye duka, yana kuma ba ka damar rage iska. Sai dai ka tabbatar bai taɓa kan birki ba. Ramukan noti su dace: Hilux da Prado 6x139.7, wato ramuka shida a da'ira mai faɗin milimita 139.7, Land Cruiser 200 5x150, Wrangler na zamani 5x127. Faɗin ma da iyaka, 285/70R17 ba ta zama daidai a wilin da bai kai inci 7.5 ba.

Sai lambar ET da ke bayan wilin. Duk yadda ta ragu, haka tayar ke fitowa waje. Daga ET30 zuwa ET0 a wili mai faɗi ɗaya, tayar ta fito milimita 30. Fitowa kaɗan tana nisanta taya da hannun sama. Fitowa da yawa tana kashe boris, tana sa sitiyari fizga, tayar kuma ta fi gogar madigadi idan an juya.

7. Yanzu zaɓi hanyar ɗagawa

Mafi araha cikin kayan da ake saye shi ne zoben ƙarfe ko roba da ake ɗorawa a kan sifirin. Yana ƙara tsayi, amma sifirin da shokazoba na nan yadda suke, nauyin da suke ɗauka bai canza ba. A ƙafar gaba mai hannuwa, zoben yana ɗaga motar fiye da kaurinsa, wani lokaci kusan ninki biyu, don haka kada ka sayi mai milimita 50 kana neman 50. Ya wadatar ga mai son daidaita hancin mota da bayanta, ba ga mai kaya da doguwar gargada ba.

Akwai ɗaga jiki daga kan shasi da ’yan tubala. Yana buɗa wa taya wuri ba tare da taɓa kwanar shaf ba, amma shasin bai tashi ba, kuma sai an bi sandar sitiyari, lagireto da bamba an daidaita. Inci ɗaya ya isa, idan ma za a yi.

Murɗa sandar sifirin a motocin da ke da ita kyauta ne, amma abin da ka samu a sama ka rasa shi a saukar taya. Sai tubalan da ake sakawa tsakanin aksil da sifirin mai ganye: a baya kawai, gajeru, kuma ba a ɗora wani kan wani.

Cikakken kaya, sabbin sifirin da shokazoba da aka ƙera tare, shi nake ba da shawara ga duk wanda zai riƙa shiga daji da gaske. Idan kuɗin bai kai ba, sayi tayoyin yanzu a girman da zai shiga ba tare da ɗagawa ba, ka jira. Ya fi ka raba kuɗin a kan taya mara kyau da kaya mara kyau.

8. Daidaita sifirin da shokazoba

Kamfanoni irin su Old Man Emu, Dobinsons da Ironman 4x4 suna jera sifirinsu bisa nauyin da ke kan mota kullum: babu ƙari, matsakaici, mai nauyi. Koma ga jerinka na mataki na 3. Gaba ya bi bamba da winci, baya ya bi kayan dindindin. Mutane da yawa suna ɗaukar mafi ƙarfi wai don ko-ta-kwana, sai motar ta koma tana tsalle kamar amalanke duk ranar da babu kaya, tayar baya kuma ta riƙa barin ƙasa a gargada. Idan kayanka na lokaci-lokaci ne, ɗauki matsakaici ka ƙara jakar iska mai taimako a baya.

Shokazoba kuwa zafi ne abokin gabarsa. A doguwar gargada mansa yana zafi ya yi kumfa, sai ka ji motar ta fara lilo. Mai bututu biyu ya fi laushi da araha, kuma ko dutse ya lotsa bayansa yana ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya, irin na Bilstein, ya fi saurin huce zafi. Mai ƙarin tulun mai a gefe, irin na Fox da King, na mai gudu da kaya ne a hanya mara kyau na sa'o'i, kuma yana son a riƙa buɗe shi ana sabuntawa. Ko wanne ka ɗauka, tsawonsa ya dace da ɗagawar. Gajere yana hana taya sauka, mai tsawo da yawa yana dakuwa kafin robar tarewa ta kama.

9. Ƙananan kayan da ba su cikin kwali

A ƙafa mai hannuwa, idan ka kai milimita 50 ko ka wuce, sau da yawa sai an canza hannun sama kafin alaimen ya zauna, wani lokaci a ɗan saukar da dif na gaba don sassauta wa shaf. A mai aksil miƙaƙƙe, sandar da ke riƙe aksil daga gefe tana jan shi ɓangare ɗaya, sai an sa mai daidaituwa. Kwanar da ke sa sitiyari komawa miƙe da kansa ma tana raguwa, motar ta riƙa yawo a hanya har sai an gyara da bushin ko hannuwa na musamman. A duba tiyon birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, a duba sandunan sitabilaiza. Tsofaffin motocin ɗaukar kaya suna da bawul a baya mai rage ƙarfin birki bisa nauyi, shi ma sai an ɗaga maƙalinsa daidai da ɗagawar. Tambayi mai sayarwa waɗanne daga cikin waɗannan ke cikin kayan kafin ku yi ciniki.

10. Ɗaurawa

Fesa man sassauta noti tun jajibiri. Mota ta zauna a kan ƙarafan tokarewa, ba a shiga ƙarƙashin wadda jak kaɗai ke riƙe da ita. Naɗaɗɗen sifirin da aka matse yana iya karya hannu ko ya kashe mutum idan ya kuɓuce. Idan abin matsewarka na araha ne, kai wa masu injin matsewa su haɗa maka, ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa. Wasu sifirin suna da na dama da na hagu, karanta alamar. Ƙarafan da ke ɗaure sifirin mai ganye da aksil sababbi ake sawa.

Duk notin da ya ratsa bushin roba, kada a ƙarasa ɗaure shi sai motar ta sauka a kan tayoyinta. Idan an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin ’yan watanni. Kafin a sauke kuma, bar ƙafar ta rataya gaba ɗaya ka taɓa tiyon birki. Idan ya miƙe tsam, gajere ne.

11. Gwaji da iska

Alaimen a ranar, ba mako mai zuwa ba. A saita fitilun gaba, kuma idan motar tana da na'urar hango abin da ke gaba, a sake saita ta. Sake awon mataki na 3 ka kwatanta. Sannan ɗaga gaban da jak har tayar ta bar ƙasa, ka sake aunawa: a ƙafa mai hannuwa, bambancin ya kai milimita 60 ko kusa. Idan bai kai ba, za ka riƙa jin ƙwal a kowane tudu, alamar an ɗaga fiye da kima.

Don gano inda taya ke goga, shafa alli a haƙoran gefenta, ka hau tudu da taya ɗaya a hankali, sitiyari a murɗe dama, sannan hagu, gaba da baya. Inda allin ya bari a cikin madigadi, nan ne. Idan ka ji rawa a ƙasan kujera lokacin tashi, kwanar farfela ce ta canza.

Tayar LT tana son iska fiye da ta asali a nauyi ɗaya. Ja layin alli a faɗin tayar, ka yi tafiyar mita kaɗan a miƙe. Idan tsakiya ya goge ya bar gefe, iska ta yi yawa. Idan gefe ne ya goge, ta yi kaɗan. A burji da duwatsu ana saukowa wajen psi 22 zuwa 28 a gejin iska, a yashi 15 zuwa 18, da rage gudu. Ƙasa da 15, tayar na iya zamewa daga wili a kwana. Da ka dawo kwalta ka mayar da iskar, don haka famfo mai aiki da batir ya zauna a motar.

Sake ɗaure notin wili bayan kilomita 50 zuwa 100, na ƙafa kuma bayan kilomita 500, lokacin da sifirin ya gama zama. Makonnin farko ka shiga kwana da sauƙi, ka bar tazara mai yawa a gabanka, don motar ta ƙara tsayi kuma birkinta ya ƙara nisa. Kaya masu nauyi su sauko daga rufi su koma ƙasa, tsakanin aksil biyu.